Takardar Shaidar Talauci

A shekarar da aka kama ƙanena, ina suyar kifi a bakin hanyar da ta gangara tafki. Shi kuwa kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani maƙwabcinmu. Wata Laraba ya ɗauko fasinja daga Ɗan Issa da buhu a ɗaure. Da suka hango jandarmomi, mutumin ya dira ya shige gero. A cikin buhun injin ban-ruwa ne na sata.

Na je ganinsa a gidan kaso. Ya rame, sai sosa wuya yake yi. Ya ce, "Yaya, ko sunan mutumin ban sani ba."

Wani ma'aikaci a tiribinal, wato kotu, ya yi mini bayani cewa da bai kai shekara goma sha takwas ba, da an ba shi aboka kai tsaye, mai kare shi kyauta. To ya haura da wata bakwai. Yanzu sai mun kawo takardar da ke shaida cewa mu talakawa ne. Na yi dariya ba da niyya ba, don ban taɓa jin ana neman hujja a kan wannan ba.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗora mai a wuta, sai in tuna wata takarda, in bar wa Inna kaskon in kama hanya. A meri, ofishin magajin gari, aka tambaye ni mai babur ɗin, aka ce a zo da shi ya sa hannu cewa ba namu ba ne. Maƙwabcin namu ya ji tsoro, ya tafi Safo wai gaisuwar rasuwa, ya yi kwana tara. Ɗan kawunmu da ke Yamai ya bugo waya yana cewa a can ofis ɗaya ake shiga a gama. Na ce masa nan Madarumfa ce, aboka ma daga Maradi yake zuwa, in ya zo.

Na bi maƙwabcin har Safo a amalanken jaki. Na same shi yana shan fura a zaure. Ban roƙe shi ba, na dai zauna a ƙofar gidan na ƙi tashi, har matan gidan suka fara leƙowa. Washegari ya biyo ni ya sa hannu.

Da takardar ta fito aka ba mu aboka, mace ce, siririya, mai saurin magana. Ta sa aka nemo 'yan tasha biyu da suka ga lokacin da fasinjan ya hau. Ranar shari'a na kasa shiga, ina ta kai da komo a gindin dogon yaro. Inna ce ta fito ta kama hannuna.

An saki ƙanena bayan ya yi wata huɗu a tsare. Bai koma kan babur ba. Ya bi masunta sati biyu ya bari, ya gwada lambu ya bari, da kaka ta yi ya tafi Agadas neman aiki.