Awon Hayaƙi a Akinyele

Sabo, ƙarfe biyar da rabi

Ana sallame Asuba na ji hon a bakin layinmu. Ko shayi ban kurɓa ba na fito, hula a hannu. Dakta Folashade ce, malama a jami'a, da direbanta Baba Lamidi cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Tafinta ta ɗauke ni, don a Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarabawa, aka haife ni, na kuma taɓa koyarwa a firamare.

Aikin da ya fito da mu shi ne awon hayaƙi. Ƙaramar hukumar Akinyele ke son sanin inda iskar nan da aka ce tana ƙara wa duniya zafi ta fi fitowa a ƙasarta, kuma sana'ar da aka samu ta fi kowa laifi ita za a fara taka wa birki. Abin da ya hana ni sakat ke nan. Yayana Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, gawayi yake ƙonawa a dajin bayan Moniya, da shi yake ciyar da gidansa duka. Ban gaya wa Dakta ba.

Shasha, ƙarfe shida da kwata

A Ojoo soja ya tare mu. "Wetin yu kari?" Wato me muka ɗauko. Ya leƙa baya, ya ga sikeli da igiya da littattafai, ya taɓe baki ya ɗaga mana hannu.

Kasuwar Shasha kuwa ta riga mu tashi. Manyan motocin albasa sun yi jerin gwano, an gama sauke wasu tuni amma injinansu na ta ruri. Dakta ta ce in tambayi wani direba, Basakkwace, me ya hana shi kashewa.

"In na kashe ta wa zai tura mini? Kai?" in ji shi.

Ta tambayi yawan gas ɗin da yake sha daga gida zuwa nan, ta rubuta, muka wuce ta gaba. Ni har wani daɗi nake ji. "Rubuta, Dakta, rubuta! Ai waɗannan su ne masu laifin." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da rubutunta.

Moniya, ƙarfe goma

Muka ci amala da miyar ewedu a tsaye, ni dai tura ta kawai nake yi. Daga nan sai wani garke a gefen titi. Dakta ta ce gyatsar saniya ma tana cikin lissafi. Da na fassara wa Alhajin mai shanun, na kuma tambayi yawansu, dariya ya yi har rawaninsa ya karkace.

"Gyatsa? Ikon Allah! To Malam, mu dai ba ma ƙirga dabba da baki."

Ba ta yi gardama ba. Ta hau bayan mota ta ƙirga abinta da tsinin biro.

Tana saukowa ta nuna wani farin hayaƙi da ya miƙe can arewa maso yamma. Daidai dajin Yaya ke nan. Na ce hanyar nan ba ta biyuwa, ruwa ya cinye gada.

"Wace gada?" in ji Baba Lamidi. "Shekaranjiya na bi ta."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe tsohon nan.

Daji, ƙarfe ɗaya da kwata

Kamar kilomita bakwai muka yi a burji muna tsalle a kujera. Muna tsayawa na hango Yaya Sale, baƙi ƙirin da toka, shebur a kafaɗa. Na yi maza na gaishe shi gaisuwar baƙo ina ƙifta masa ido.

"Kai, Ɗanladi! Ciwon ido kake yi? Ina su Hajara?"

Shi ke nan, asiri ya tonu. Dakta ta ce, "Ashe ɗan'uwanka ne." Na ce e, a ciki-ciki.

Yaya yana jin Yarabanci sarai, don haka na tsaya tsakaninsu na mai da zancen Turanci, wanda ba ya ji. Ta ce tuli nawa yake ƙonawa a wata. Tuli shi ne itacen da ake jerawa a rufe da ganye da ƙasa, a sa wuta ta ci a hankali har kwanaki. Ya ce tara. Na juya na ce mata uku.

Ta rubuta. Na manta mai sayar da gawayi buhu-buhu ya san lamba ko bai san boko ba. Ya miƙa wuya ya leƙa littafin, ya dube ni, sannan ya ture ni gefe da bayan hannu.

"Mesan ni, Mama," ya ce da ita. Tara ne.

Ya ja ta tuli bayan tuli, har da biyu da ke bayan rafi waɗanda da ba za ta taɓa gani ba. Da kansa ya rataya sikelin a reshe, ya auna mata ɗanyen itace, ya auna gawayin da ke fita daga cikinsa. Yana yi yana tari, irin tarin da ke sa mutum dafa gwiwa. Na bi shi na rage murya.

"Yaya, rufe maka za su yi fa. Don kai na yi."

Ya tofar da yawu, ya goge baki. "Tun kana ɗan makaranta hayaƙin nan ke shiga ƙirjina, ba wanda ya taɓa tambayata nawa ne. Yau an zo da takarda, kai kuma ka cinye mini shida? In za su rufe, su rufe tara."

Kunya ta rufe ni, haushi kuma na cina, na rasa wanne ya fi.

Komawa, ƙarfe huɗu da rabi

Muka baro burji muka hau kwalta. Wajen Moniya Dakta ta miƙo mini littafin da biro ta bayan kujera. Ukun na nan, ba ta taɓa shi ba.

"Kai ka faɗa, kai za ka gyara," in ji ta.

Mota na girgiza, na dafe littafin a cinya. Na soke ukun na rubuta tara.

Ana kiran Magariba suka sauke ni a Sabo. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Dakta da ba ta tozarta ni a gaban direbanta ba. Matata Hajara ta kawo ruwa tana tambayar yaya Yaya, na ce yana gaishe ku. Har yanzu hukuma ba ta ce komai ba. Amma duk ranar da takardarsu ta isa dajin nan, na san da rubutun wa aka yanke hukuncin.