Ranar da Baba Ya Gaya wa Layinsu Ba Ya Gani

Mahaifina ya yi shekaru yana shugabancin layinsu na masu atamfa a Kantin Kwari. Ba shi ya fi kowa dukiya ba, shagonsa ma idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Idan rigima ta tashi a kan turmi, mai saye ya ce jabu ne, mai sayarwa ya rantse na asali ne, wurinsa ake kawowa. Sai ya warware, ya murza da yatsa, ya ɗaga wa haske ya dubi gaba da baya, sannan ya karanta siririn rubutun da ke bakin zanen. Abin da ya faɗa ya zauna, ba mai ƙara ko uffan.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a wata firamare a nan Fagge, shi ya sa yake kirana Malama. Zafin ran mahaifiyarmu na gada, Allah ya ji ƙanta, sanyin Baba kuwa ko ɗigo ban samu ba. Ni na fara lura da shi. Yau ya zuba shayi a gefen kofi, gobe ya miƙo waya a karanta masa saƙo, wai ya manta tabarau a shago. Sai da na yi ta mita kamar zan ari baki kafin ya yarda muka je asibitin ido. Likitan ya duba ya ce yanar ido ce a idanun duka biyu, kuma ta daɗe. "Alhaji, ai kai da ƙananan rubutu kun jima da rabuwa," in ji shi. Ya ƙara da cewa sai an yi aiki.

Muna shiga adaidaita sahu na fara tsara masa dabara. Kada kowa ya ji. A ce ya yi tafiya, a yi aikin, ya dawo kujerarsa lafiya lau. Na san kasuwa, ba ta iya rufin asiri ba. Ya bari na gama zubata, sannan ya taɓa kafaɗar direba ya ce a kai mu Sabon Gari.

A hanya ya tuna mini wata magana. Kamar wata guda kafin nan, wata Hajiya mai haɗa lefen ɗanta ta dawo da turmi, ta ce jabu aka sayar mata. Mai shagon wata 'yar ƙabilar Ibo ce da kowa ke kira Madam. A Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗan shago a ƙarshen layi. Baba ya duba turmin ya ce jabu ne. Daga ranar masu saye suka riƙa wuce ƙofarta kamar ba su gan ta ba, har ta rufe shagon. Ni kaina da na ji labarin a gida cewa na yi, Allah ya ƙara. Har yau ina jin kunyar wannan kalmar.

Mun same ta a tsakar gidan hayarsu tana gyaran ganyen miya. Da ta ga Baba ta miƙe tana goge hannu a zaninta.

"Alhaji, lafiya? Da ka aiko ai da na zo."

"Turmin nan yana nan?"

Ta shiga ta ɗauko. Baba ya miƙo mini ya ce in karanta masa bakin zanen, harafi bayan harafi. Na karanta. Ya murza, ya shinshina, ya daɗe yana riƙe da shi.

"Na asali ne," ya ce. "Madam, ranar nan hannuna ya gaya mini mai kyau ne. Rubutun ne na kasa gani, launin kuma ya yi mini dishi-dishi. Mutane sun zagaye ni suna jira. Na ji kunyar in ce ba na gani, sai na ɗora laifin a kan zanenki."

Ta zauna a bakin baranda, hawaye na zuba, ba ta ko share su ba.

"Ni fa ban yi maka musu ba, Alhaji. Cewa na yi wanda ya kawo mini kayan ne ya cuce ni. Na fi yarda da idonka a kan nawa."

Wannan maganar ta fi zagi zafi, na ga yadda ta shige shi. Da ta nutsu ta ce ya wuce, ta yafe, kada ya kai zancen kasuwa, ita za ta koma a hankali. Na yi caraf na ce gaskiyarta. Baba ya girgiza kai.

"A gaban jama'a na ɓata ki. Ba zan wanke ki a tsakar gida ba."

A hanyar komawa na yi masa faɗan da bai kamaci 'ya ta yi wa uba ba. Na ce magana zarar bunu ce, idan ya furta ba ta dawowa, masu jiran kujerar nan ma ba kaɗan ba ne. Da na rasa abin cewa na tambaye shi ko shi ba ya jin tsoro.

"Ina ji mana, Malama. Tun daga asibiti nake jinsa."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. 

Washegari ina tashi daga makaranta na nufi Kwari. Bayan sallar azahar ya sa aka tara 'yan layi, ya aika aka kira Madam, ta tsaya can gefe da turminta.  Ya faɗi komai yadda ya faɗa mata, bai rage ba, bai sa masa zuma ba. Ya ce zanenta na asali ne, ita mai amana ce, shi ne ya yi kuskure saboda kunya. Sannan ya ce su zaɓi wani mai ido.

Wasu dattawa suka ce haba Alhaji, ai a yi haƙuri har a yi aikin. Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To sauran hukuncin da aka yanke bana fa?"

Wallahi na riga na gyara mayafi zan wanke shi tas. Baba ya riga ni.

"Tambayarka daidai ce. Duk wanda na duba wa kaya bana ya dawo da su, a sa wani ya sake dubawa. Wanda na zalunta zan je har shagonsa."

A nan take suka naɗa wani. Shugabancin bai sake dawo masa ba, ko bayan da aka yi aikin ido ɗaya ya buɗe. Madam ta buɗe shagonta a makon, masu saye suka dawo sannu a hankali.

Da taron ya watse a ranar, muka kamo hanyar fita. Layin cike yake da masu dako da masu tura kura, ga kwata a bakin titi. Kowa na kallonsa, wasu da tausayi, wasu don su ƙara tabbatarwa. Ni kuma na ja baya kaɗan, don kada a ce ana yi masa jagora. Sai ya tsaya, ya miƙo hannu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Malama, zo ki riƙe ni, ba na ganin ƙasa sosai."

Na riƙe shi.  Muka tsallake kwatar tare, ina kuka, shi kuma yana amsa gaisuwar mutane yana tambayata ko wane ne.