Ƙafar Hagun Maiwada

Maiwada taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan al'ada ce ta ba ni dama. In ya ji haushi, ya san hanyar gidana.

A Argungu aka haife shi, gidan masunta. Ubansa ya so ya gaje shi a ruwa, amma tun yana saurayi aka gane ba za a ci kifinsa ba. Masunci yakan kama bakinsa ya lallaɓa jirgi. Shi kuwa Maiwada da ya hango wani can tsallaken gulbi sai ya miƙe tsaye ya buɗe maƙogwaro: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya jikin tsohuwa. Kafin a gama amsa masa, duk kifin wajen ya yi ƙaura. Abokan aiki suka kai kuka wurin uban, uban ya ce ya fita ya nemi sana'ar tudu. Da haka ya faɗa tasha, ya yi dako, ya yi kwandasta, har ya iya tuƙi.

Ya ja motocin mutane da dama, kuma bai taɓa rabuwa da kowa da faɗa ba. Mai mota zai kira shi, ya ce wallahi Maiwada mutumin kirki ne, sannan ya karɓe makullinsa. Daga ƙarshe ƙanwarsa Hajiya Sadatu, mai fataucin bandar kifi, ta sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya ta damƙa masa. Kwalayen kifinta a baya, fasinja a gaba, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da safe, a dawo da la'asar. Lokacin furfura ta riga ta fito masa. Shi ya sani, mu ma mun sani, in wannan makullin ya kuɓuce masa babu mai sake ba shi wani.

Ni a sakatariya nake aiki a Birnin Kebbi, gidana kuma yana Argungu. Zumunci ya ɗaure ni a kujerar gaban motarsa, don in na shiga ta wani, kafin dare labari ya isa wurin mahaifiyata.

Matsalar ita ce Maiwada ya san kowa a kan hanyar nan. Ya san mai shayin Alwasa, ya san masu shanyar shinkafa a Zauro, a Ambursa kuwa har jakuna ina jin ya san iyayensu. Wucewa babu gaisuwa, a wurinsa, aikin marar tarbiyya ne. Tsayawa kuma na nufin ya sauka ya durƙusa, fasinja su cinye shi ɗanye. Sai ya ƙirƙiro tasa hanyar. Ya taka kuloci rabi da ƙafar hagu, ya ɗan ba da totur da ta dama, mota tana rarrafe tana gurnani, shi kuwa ya zuro kai ta taga har wuya yana zuba gaisuwa. A ganinsa bai tsaya ba, don haka fasinja ba su da bakin magana, kuma bai wuce ba, don haka bai raina kowa ba. Na sha isa ofis bayan an gama karin kumallo ana shirin azahar, kuma na sha zaginsa, yana amsa mini da, "Ka gaida mutanen ohis."

Motar ce ta fara gajiya. In ya taka totur sai inji ya yi ta ihu kamar za a tashi sama, amma in ka leƙa waje sai ka ga mai keke ya wuce ku. In aka zo ɗan hawa da kaya, sai ta tsaya tana tunani. Ga wani wari kamar an ƙona tsohon takalmi, wanda har ya fi ƙarfin ƙamshin banda. Aka kai ta garejin wani makaniki, Dikko, a Birnin Kebbi, ya ce farantin kuloci ya cinye, ya sa wani. Ba a jima ba aka koma, ya sake sa wani. Da aka je na gaba, Hajiya Sadatu ta yafa mayafi ta biyo mu da kanta.

Dikko baƙin mutum ne gajere mai saurin fushi, kuma duk garin an san ba ya ha'inci, amma ranar Hajiya ba ta zo jin shaidar gari ba.

"Dikko, kai da girman Allah," in ji ta, "mi kaka sa ma motag ga? Kwali kaka yankawa ka liƙa?"

Dikko ya karɓi makulli. Ya shiga motar, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Mota mai lafiya nan take injinta zai mutu. Wannan kuwa ta ci gaba da ruri abinta, ko gezau. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Ya ƙare, babu gardama," ya ce. "Amma Hajiya ban ci amanakki ba. Kayan da nis sa ma ta, wasu na shekaru da irinsu. Gobe ni ka shiga motag ga tun daga Argungu, in gani ko aljannu ka cin hwarantin."

Washegari ya ƙwace mini kujerar gaba, aka cusa ni baya kusa da kifi. Ba mu fita gari ba sai da Maiwada ya gaida mai faci, ya gaida ladan, ya yi wa wani barka da haihuwa. Dikko bai kalli ko ɗaya daga cikinsu ba, idonsa na ƙasa wajen ƙafafun direba. A Alwasa na ga ya cire hula ya sosa kai. A Zauro ya fara salati. Muna shiga Ambursa, Maiwada ya zuro kai yana tambayar wata tsohuwa, Goggo, ko akuyarta ta samu, sai Dikko ya daka masa tsawa.

"Maiwada! Ƙahwakka ta hagu, ina take?"

"Ga ta nan."

"Bisa mi?"

"Bisa kuloci mana. Ina kaka son in aje ta, bisa kaina?"

Dikko ya juyo ya dube ni kamar ni na koya masa tuƙi. Sannan ya yi masa bayani, da haƙurin da ban san yana da shi ba. Ya ce kuloci abu biyu ya sani, ko ya kama gam ko ya saki sarai. Wanda ya riƙe shi a tsakiya ya mai da shi dutsen niƙa, kuma abin da yake niƙawa shi ne fatar farantin. Maiwada ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce to amma akuyar Goggo kwana nawa ba a gan ta ba.

A gareji aka sauke giyar motar, Dikko ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera wa Hajiya farantan kuloci ta zaɓa. Ga sabo fil cikin kwali, yana ƙyalli, an rubuce shi da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu. Dikko ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce wannan a ƙafar Maiwada ko azumi ba zai gani ba. Ga ɗan Kwatano, wanda aka ciro daga motar waje. Ya nuna mata kaurin fatarsa, ya nuna ƙusoshin ba su leƙo ba, ya girgiza shi kusa da kunnenta don ta ji babu abin da ke kaɗawa a ciki. Sai kuma nasu tsohon, wanda ya ce ana iya kai shi a buga masa sabuwar fata, amma shi ba zai sa hannunsa ba. Ya ba da shawara a ɗauki ɗan Kwatano, a sauya har da abin da ke matse shi da boris ɗinsa gaba ɗaya, tunda an riga an sha wahalar kwancewa.

Maiwada, wanda tun ɗazu yake tsugune yana kallon farantan, ya ɗago kai.

"Dikko, babu wanda anka yi don mai gaisuwa?"

"Waɗanda sunka ƙera abin ga ba su gaida kowa," in ji Dikko. "Ko ka tsaya tsaye, ko ka wuce. Babu na ukku."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Hajiya ba ta yi ba. Ta zaɓi ɗan Kwatano, ta gyara mayafi, ta tsaya gaban yayanta idonta a ƙasa.

"Yaya, ba raini ba ne, Allah ya sani. Amma da kihin ga nika ciyad da marayu. In wanga ya ƙone, sai dai ka yi haƙuri ka aje makulli."

Ya ce ya ji. Sai ya gwada shawarar Dikko ta farko, wato tsayawa sosai. Ya riƙa kashe mota yana sauka yana durƙusawa. Rana ɗaya muka isa Birnin Kebbi masu sarin kifi sun watse, fasinja biyu kuma sun sauka a Ambursa sun hau babur suna tsine masa. Hajiya ta aiko masa da saƙo gajere.

Sai ya koma ta biyun. Ya ɗaga gilashi, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya naɗe ƙafar hagu can ƙarƙashin kujera kamar an ba shi ajiyarta. Motar ta zama wata daban, ashe tana da gudu. Na fara isa ofis ina tarar da mai shara bai gama ba, har shugabana ya tambaye ni ko na tare a Birnin Kebbi. Kifi ya riƙa isa da wuri, Hajiya ta sami sukuni, kowa ya ji daɗi.

Amma ni da ke gefensa ina ganin abin da wasu ba sa gani. In muka doshi inda ya saba gaisuwa, sai leɓɓansa su fara motsi, yana yin gaisuwar a ciki shi kaɗai. Ƙafarsa ta hagu tana ta neman kuloci. Ya daina ce mini in gaida mutanen ofis. A hanya kuma magana ta fara yawo, wasu na cewa ya yi kuɗi ya fara girman kai, wasu na cewa kunne ne ya taɓu. Goggon Ambursa ta aiko da jiƙo a gora wai na ciwon wuya ne, tunda ta lura ba ya iya waiwaye. Na so in tsokane shi da wannan, na kasa. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban saba ba.

Ranar da abin ya ƙare, a Zauro ne. Akwai wani tsoho, Malam Hodi, abokin mahaifin Maiwada tun zamanin da suke kamun kifi tare, wanda ya daɗe kwance ba lafiya. Ranar ya sami sauƙi har an fito da shi bakin hanya an zaunar a tabarma. Da ya ga motar, ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga hannu. Maiwada ya gan shi. Na ga ƙafar ta fito daga ƙarƙashin kujera, ta kai kan kuloci, ta tsaya, ta koma. Muka wuce. Ya kalli madubi ya daɗe, ni ma na waiga, tsohon yana nan tsaye hannunsa a sama bai sauke ba.

Muka isa Birnin Kebbi. Ya sauke kifi, ya dawo da mu Argungu da la'asar, ya wanke motar tas. Sannan ya ce in raka shi gidan Hajiya, ya ajiye makulli a gabanta.

"Kulocinki lahiya lau shike," ya ce. "Ki ba wani tun bai ƙone ba."

Ta yi kuka, ta ce ba ta kore shi ba. Ya ce ya sani. Ya fita ya tare mai babur, ya koma Zauro gaida Malam Hodi.

Yanzu wani Munzali ke jan motar, mutum mai gudu da ƙarancin magana, kuma Dikko ya ce bai sake ganinta ba sai don juyen mai. Maiwada ya kafa tebur a bakin hanya wajen fita Argungu, yana sayar da goro da ruwan sanyi. Ciniki dai sai a hankali, don mai saye yakan gaji kafin a gama tambayarsa mutanen gida.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na je na zauna wurinsa a benci. Muna hira sai ga motar Hajiya ta taho da kaya. Ya miƙe da sauri ya ɗaga hannu, Munzali ya danna ham sau ɗaya ya wuce. Maiwada ya bi bayan motar da murya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen hanya. Ya ɗan saurara, hannunsa a sama. Da ya ji shiru sai ya ce, "To madalla, lahiya lau," ya dawo ya zauna.