Kafet ɗin da Muka Hana Nek Sofia

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ni, Haji Marzuki, shugaban kwamitin zauren Musulmin wannan gari, ina sanar da rasuwar Hajah Saodah, wadda muke kira Nek Sofia, wato kakar Sofia, da sunan jikarta ta fari. Ta cika ranar Talata, sha biyu ga Agusta, a wani asibiti a Perth, bayan ciwon ƙirji da ya kama ta tun shigowar sanyin bana.

Nek, kin baro tsibirin Kokos kina yarinya, kika tsufa kina aiki a ɗakin gashin ƙashi na yara, sannan kika dawo mana da abin da muka mayar abin dariya. Kin ce jariri yana zuwa duniya da wasu motsi da ba shi yake yin su ba: ya ji ƙara ya ware hannuwa, ya juya kai hannu ya miƙe. Kin ce rarrafe da birgima ke kwantar da su, amma wani yaron yakan girma suna nan a jikinsa. Sai ki mayar da shi ƙasa, ya sake rarrafen da ya tsallake. Mu kuwa muka ce tsohuwa ta buɗe makarantar ƙadangaru.

Akwai Hodan, 'yar Somaliya mai shekara bakwai, wadda uwarta ke aiki a mayankar tumaki. In an buga ƙofa sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan sanyi. In ta waiwaya, fensir ya tashi daga hannunta. A gida an ce rashin ji ne, a makaranta an ce a kai ta ajin daban. Ke kika ce a ba ki ita. Kawunta ne ke kawo miki ita zaure kowace Asabar, wani shaƙiyyi da ke tsayawa a bakin ƙofa yana kwaikwayon tafiyarki. Rannan kika kama shi.

"Kai, dogon banza, sauko ƙasa. Ba za ta yi ba sai ta ga babba ya yi."

"Nek, da wandona na Juma'a?"

"Wandon da ba ka biya ba? Sauko."

Ya sauko. Ya ja ciki daga bango zuwa bango, yara suna ihu, Hodan na bin sa a baya tana dariya har da hawaye. Bayan an tashi kika ba shi wainar kwakwa biyu, kika ce ɗaya ta gwiwa ce, ɗaya ta girman kan da ya zube. Kafin ƙarshen zangon nan Hodan ta rubuta sunanta ba ta ɗaga hannu daga takarda ba. Kin ce saura rabin tafiya, kuma in an tsaya jiki yakan koma gidan jiya.

Sai muka sayi sabon kafet. Muka zauna a kansa, mu dattawa, da shayi a gabanmu, muka yanke cewa ba a shimfiɗa shi don birgima ba. Wani ya ce abin ya yi kama da bori. Wani ya ce bai ga dalilin da magidanci zai kifa ciki a gaban mata ba. Babu wanda ya taɓa leƙowa ya ga abin da kike yi. Da kika zo karɓar tabarminki kin ce mana abu ɗaya kawai: "Yaran naku ne, ba nawa ba."

Kika koma garejin gidanki, kan siminti, cikin tsananin sanyin Yuni da Yuli, da gwiwoyin da suka haura saba'in. Ban ce siminti ne ya ɗauke ki ba. Kwana ne ya ƙare. Amma kafet yana nan sabo fil, ko tabo babu. A kansa muka yi zaman makokinki, kuma waɗanda suka ce bori ne su suka fi kowa jan hanci.

Allah Ya jiƙan ki, Nek. Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk durƙuson da kika yi saboda ɗan wani ya zame miki haske. Allah Ya ba 'yarki Mak Sofia, wato uwar Sofia, da Sofia kanta, da sauran dangi na nan da na tsibiri haƙurin wannan rashi.

Don haka, a matsayina na shugaba, na buɗe zaure ga yaran nan kowace Asabar da safe. Mak Sofia ta koyi aikin a hannun mahaifiyarta, ta kuma yarda za ta ci gaba. Ni da kaina zan fara kifa ciki.

Na san kun ce amin. To ku riƙe amin ɗinku, domin Pak Haji, wato Haji Marzuki, bai rubuta ko harafi ɗaya a nan ba. Ni ne Liban, dogon banzan, kawun Hodan, mai wanke ƙasa a mayanka, wanda bai san aji ba sai allo. Da na sa sunana da ba ku wuce layin farko ba. Pak Haji, ka yafe mini aron rawanin, amma makullin zaure yana aljihunka. Jiya an buga ƙofa Hodan ta sake zabura. Asabar za mu zo, ni da ita da sauran yaran. In mun tarar a rufe, a kan tsakuwar wurin ajiye motoci za mu yi rarrafenmu, daidai inda kake fakin.