Ƙaramin Yatsan Mubina

Duk unguwar Utaibiyya ta Makka babu wanda bai san masar Mubina ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin cokali a hannunta. Da yatsu take juya masa a tanda, wai cokali na ragwaye ne. Ƙaramin yatsanta na hagu ne kawai kullum a miƙe sama, ba ya taɓa ƙullu, maƙwabta suna cewa yanga ce.

Shekara ashirin da biyar ke nan da Idris, ɗan ƙasa mai dafa wa sojoji abinci, ya auro ta daga Damagaram. Ya tafi yaƙin iyakar kudu da tukwanensa, bai dawo ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ya rage mata shi ne iƙama, takardar zamanta a Makka a matsayin matar marigayi.

Da lokacin sabunta takardar ya yi, aka ce ta dangwala yatsa a na'ura. Na'ura ta nuna ja. Aka gwada yatsu huɗu, duk ja. Ashe tanda ta cinye zanen yatsun tas. Ma'aikacin ya gaji, ya ce ta hutar da hannunta mako uku ta dawo, don in babu zanen yatsa babu takarda.

Hutu fa! Matar da ko zazzaɓi a tsaye take yin sa. Wafa, ƙanwar Idris, ta lafta mata man kaɗanya, ta cusa hannuwan cikin safar ƙafa, ta karɓe tanda. Mubina ta zauna tana ba da umarni da gwiwar hannu, tana kallon masa na ƙonewa har da ƙwalla. Kwana biyu kacal aka kama ta tana juyi da safar, safa ta babbake. Amma tsoro take ji na gaske, don ba ta da kowa a Damagaram yanzu.

Ranar komawa, yatsu tara suka sha ja a jere. Ma'aikacin ya ce saura wancan ɗan ƙaramin. Ta ɗora shi a hankali, na'ura ta nuna kore.

A waje Wafa ta ce, "Yaya, wai me ya sa kike lallaɓa yatsan nan?"

"Da shi yayanki yake riƙe ni a ɗawafi, kada in ɓace cikin mutane," in ji Mubina. "Nasa ne, ba na tanda ba. Kin ga har yau bai sake ni ba."

Ta share ido da ƙonanniyar safar, ta ce a yi sauri, ƙullu ya kumbura.