Malama Hauwa Da Tsutsar Kududdufi

Ina tankaɗe garin masara da hantsi waya ta shigo daga Hunkuyi. Ƙanwar Malama Hauwa ce. Ta ce, “Yaya Binta, Malama Hauwa ta cika.” Na ajiye rariya, na yi salati.

Malamar bayoloji ce, ni kuma karatuna na allo ne. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Makarfi kafin ta koma garinsu. Ba ta barin kalma ta wuce sai ta faɗi tushenta. Ita ta gaya mini bayoloji daga harshen Girkawa yake, wato ilimin masu rai. Takan ce, “In kin san asalin sunan abu, kin fara sanin halinsa.”

Shekarar da ɗana Sani ya fara fitsarin jini, surukata Inna ta hana a kai shi asibiti. A wajenta alamar balaga ce, ubansa ma ya yi. Yaro yana ramewa, ni kuma ba na iya musu da Inna. Sai na faɗa wa Malama.

Ta shigo ta durƙusa ta gaida Inna, ta tambayi gona.

Inna ta ce, “Wuta-wuta ta cinye mana dawa bana.”

“To Inna, a makaranta irinta farasayit muke ce musu. Asalin kalmar, mai zama gefen akushin wani yana ci. Kaska haka, kauci haka.”

“Ke Hauwa, ko kaska sai kin nemo mata kakanni.”

Malama ta yi dariya. “Akwai ’yar’uwarsu a kududdufin da Sani ke wanka, tsutsar tsargiya. Ta fata take shiga. Abin da wuta-wuta ta yi wa dawarki shi take yi wa jikanki.”

Inna ta juya ta dubi Sani. Can ta ce a ɗauko mata mayafi. Da kanta ta kai shi asibiti, aka ba shi magani, jinin ya tsaya.

Malama ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Jiya Sani ya zo daga Kudan, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Allah Ya jiƙan Malama Hauwa, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Ilimin da ta bari Ya sa ya zame mata sadaka mai gudana. Maigidanta da ’ya’yanta, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Amin.