Ku Maido wa Yero Muryarsa

An cire muryar Yero daga wasan da ya yi da bakinsa, an ɗora muryar wani mutum da bai taɓa taka Bagudo ba. Da wasan ya mutu kuma aka ce Yero ne ya kashe shi. Abin da gidan talabijin ɗin da ya nuna wasan ya yi ke nan. Ni Barira tela, ni na ɗinka tufafin wasan, kuma katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka kada wani ya ce ji na yi.

Yero Bafillace ne, a wata ruga bayan Zagga aka haife shi. Ya tashi yana kai shanun mahaifinsa ƙetaren iyaka cikin Binin da rani, ya juyo da su in ruwa ya sauka. Da ciwon huhu ya cinye garken, ya shigo gari da matarsa Saratu ya koma kora wa fatake shanu zuwa kara, kasuwar dabbobi. Bai tara komai ba. Abin da Allah ya ba shi baki ne. In ya zauna bakin kasuwa yana ba da labari da Hausarmu ta Kabi, ya yayyafa Fillanci, ya ɗan tsoma Dandanci, za ka ga dattawa suna riƙe ciki, shi ko fuska a ɗaure kamar wanda aka aiko da saƙon rasuwa.

Muhsin mai ɗaukar bidiyon biki shi ya kawo shawarar a yi wasan. Ya girma yana kallon finafinan kaboyi, ya ce mu ma muna da shanu da doki da daji, me ya rage? Ya sa wa wasan suna Kaboyin Bakin Kwara. Labarin shi ne wani baƙo ya sauko daga wata tauraruwa don nono ya ƙare a duniyarsu, yana haska shanun mutane da fitila su tashi sama, Yero kuma shi ne kaboyin da ke farautarsa. Da kwanon rufi da jarkokin fetur aka haɗa jirgin baƙon. Bindigar Yero salansar babur ce. Dokin aro ne, ba ya gudu sai an kaɗa masa kwaryar dawa daga bayan kyamara. Ademola mai gyaran waya ya fito a baƙon, na ɗinka masa riga da buhun shinkafa da leda mai ƙyalli, yana tafiya tana ƙara.

Ba a rubuta wa Yero ko kalma ɗaya ba. Akwai wurin da baƙon ya ce zai ba shi farin wata sukutum a madadin saniya guda. Yero ya ɗaga malafa ya dubi sama, ya daɗe, ya ce, “Mi zan yi da shi? Ana tatsar shi?” Sai da aka sake ɗauka don Muhsin ya yar da kyamara saboda dariya. A ƙarshen kowane kashi Yero kan kira shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, su baro hasken su dawo gare shi. Wannan ba dabarar fim ba ce, shanun fataken da yake kora ne, sun san muryar.

Gidan talabijin ya karɓi wasan, aka kira mu. Aka ba mu kujeru masu laushi, aka kawo ruwan sanyi. Sannan shugaban shirye-shirye ya ce wasa ya yi kyau, amma wai ba za a gane Hausar Yero a Kano da Kaduna ba, za su sa wani ya maimaita maganganun. Ya juya a gaban kowa ya tambayi Yero ko ya yarda. Yero ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komi.”

A ƙasarmu ko yarinya mai tallan fura ta san abin da ya faru a nan. Dattijon Bafillace ba ya cewa a’a a idon wanda ya yi masa shimfiɗa. In kana son jin cikinsa, bari ya koma gida ka aika masa mutum. Ba su aika ba. Muhsin ya sani sarai, ya yi gum don yana ɗokin ganin aikinsa a talabijin, ni ma na faɗa masa haka a fuskarsa. A mota na ce, “Malam Yero, don mi ba ka ce ba ka yarda ba?” Ya kira ni da sunan ɗana, ya ce, “Uwar Shamsu, na riga na sha ruwansu.”

Ranar da aka fara nunawa gidan kallo ya cika har da masu leƙe ta taga. Yero ya fito bisa doki, aka yi tafi. Ya buɗe baki, sai ga muryar mai karanta labarai. Maganar wata ta wuce ba wanda ya murmusa. Da aka zo kiran shanu, mutumin ya yi wani fito kamar mai tsayar da ɗan acaba. Mutane suka fara zamewa. Cikin kasuwa aka laƙa masa Yero mai bakin aro, ya daina zaman ba da labari. Ba a ci rabin wasan ba masu gidan talabijin suka dakatar, suka gaya wa Muhsin wai jarumin ne ba shi da farin jini.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Bara ciwo ya kama maƙogwaron Yero, aka yi masa aiki. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma murya ta tafi, likita ya ce ba za ta dawo ba. Yanzu sai raɗa, sai ka kai kunne bakinsa. Saratu ta ce min yakan sa a kunna masa wasan a waya, ya kashe sautin, yana bin leɓɓansa da ido. Jikokinsa da ke tasowa ba su san yadda kakansu yake magana ba.

Wuri ɗaya muryar nan ta rage a duniya, cikin ainihin ɗaukar da Muhsin ya miƙa musu. Kwafin da ya ajiye ya tafi da kwamfutarsa shekarar da ambaliya ta shiga shagonsa. Ya yi ta zarya. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce mai riƙe da makulli yana hutu, rannan kuma aka ce kayan sun zama mallakar gidan. Na je da kaina, wata yarinya ta ce in rubuto buƙatata. To ga shi na rubuto, a inda kowa zai karanta.

Ku shugabannin gidan, ba haƙuri muke nema ba, ba mu ce ku farfaɗo da wasan ba. Yero ba zai taɓa zuwa ya roƙe ku ba, kun san haka, kuma da shi kuke fakewa. Ku buɗe ma’ajiyarku ku fiddo ɗaukar farko, wadda ba a taɓa ba, ku zuba ta a katin memori ku aiko Bagudo tun yana da rai ya ji kansa. In kuwa kun goge ta, wanda ya ba da umarnin ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidan Yero ya faɗa masa.